Yadda Za Ka Karɓo Takardar Gashin Nama Ba Tare Da An Koya Maka Komai Ba

Ni ban daɗe a makaranta ba. Ranar da na iya kayar da tunkiya na aske mata gashi, ranar na bar aji, kuma ban taɓa kewarsa ba. Saboda haka idan na ce maka za ka iya shiga kwalejin koyon sana'a da furfurarka, ka fito da takarda, kanka yana nan yadda ka shiga da shi, to ka yarda. Hanyar ba ta kuskure. Na gwada ta a kan Clarrie Dunstan, kuma yana nan da ransa.

Clarrie ne mai gashin nama na ƙungiyar ƙwallon garinmu, nan yankin Wimmera. Duk Asabar ɗin da ake wasa a gida yana bayan murhu, yana gasa soseji, wato niƙaƙƙen naman shanu da aka ɗura a hanji, yana sawa da albasa cikin yankan burodi, tun iyayen 'yan wasan yanzu suna rarrafe. Bana kwamiti ya ce mai murhu sai ya riƙe takardar tsabtar abinci kafin wasan farko. Nev Pascoe, wanda ya daɗe yana harin wurin, yana da tasa. Idan Clarrie bai samo ba, murhu ya koma hannun Nev, mutumin da ke ƙona albasa. Ga yadda muka yi.

1. Shiga da fushinka

Kada ka shiga aji kamar mai neman ilmi. Shiga kamar wanda aka tilasta wa zuwa kotu. Zauna baya, kusa da ƙofa, hularka a kai.

Clarrie ya tarar malamar Bronwyn ce, 'yar mai gyaran tarakta, wadda ya sani tun tana da giɓi, miyar tumatir har kunne.

"Barka da zuwa, Clarrie," in ji ta.

"Clarrie? Da can ai Mista Dunstan nake, lokacin da kike roƙona ƙarin albasa."

"Har yanzu ina son albasa. Samu wuri."

2. Kada ka nemi na ɗaya

Wannan makaranta ba irin tamu ta da ba ce. Babu maki, babu bulala. Aiki ake sa ka yi, malama na kallo, sai ta ce ka iya, ko ta ce tukuna.

"To wa ke zuwa na ɗaya?" in ji Clarrie.

"Babu."

"Na ƙarshe fa?"

"Shi ma babu. Kowa da saurinsa."

"Ashe gidan shan shayi na zo."

Yi irin wannan magana, amma a ranka ka gode. Inda ba a faɗuwa, babu mai cewa ka faɗi. Za ka ga wata mai gasa kek ta gama a makon farko ta yi tafiyarta. Kada ka dube ta. Kek ba nama ba ne.

3. Tura shekarunka gaba

A kwalejin suna lissafa abin da mutum ya riga ya iya. Nan ne ƙarfinka. Clarrie ya je da hoton da ke bangon ƙungiya, ya je da ni shaida. Mun shirya rigima sosai.

Yarinyar nan ta ƙi yin rigimar. Ta ce daidaita wuta ya iya, juya nama ya iya, sanin dahuwa ya fi ta. "Waɗannan ba sai na koya maka ba. Saura abu ɗaya in gani da idona: hannu da kayan aiki."

Yi hattara da wannan. Wanda ya yabe ka ya karɓe maka makami. Clarrie ya fito yana huci, ya rasa wanda zai zaga, sai ya zagi mai gadin wurin ajiye motoci, wanda ba ya nan ma.

4. Kare tsummanka

Kowane mai gashi na ƙwarai yana da tsumma a kafaɗa. Na Clarrie ya taɓa zama fari, in ji tsofaffi. Da shi yake goge hannu, da awartakin juya nama, da tebur, da goshi, wani lokaci da bakin karensa.

Ranar gwajin farko aka kunna murhu a farfajiyar kwaleji. Clarrie ya jera ɗanyen soseji, ya shafa hannu a tsumma, ya shafa awartaki, ya share gumi, ya ɗauki burodi. Aiki tsaf, ba ɓata motsi.

"Tukuna," in ji Bronwyn.

"Haba 'yar nan! Wa ya taɓa mutuwa?"

"Ba wanda ya mutu. Amma ka tuna shekarar da muka kai wasan ƙarshe, rabin 'yan wasanmu suka yi ta zaryar bayan gida?"

"Tsoro ne ya kama su."

Amsar ke nan. Haddace ta. A gari kuwa, duk wanda ya tambaye ka, ce malamar ce ba ta shirya ba tukuna.

5. Yi atisaye, amma rufe ƙofa

Gwaji na biyu, Clarrie ya rantse ba zai taɓa tsumman ba, zai dai bar shi a kafaɗa don ado. Hannu bai ji rantsuwar ba. Tukuna kuma.

A makon aka ga Nev a filin ƙwallo yana zagaya murhu, yana shafa shi kamar mai tayin doki. Clarrie ya daina cin abinci sosai. Mutum ne da ba ya ƙwallo, ba ya waƙa, ba ya zaman kwamiti. Murhun nan kaɗai ke kai shi cikin mutane ranar Asabar.

Muka shiga rumfar askin tumakina, muka ja ƙofa. Awartaki biyu, ɗaya na naɗa masa jan ƙyalle, na ɗanyen nama ke nan. Bokitin ruwa da sabulu a gefe. Ni ne malama. Idan wani ya ƙwanƙwasa, ce injin yankan ciyawa kuke gyarawa. Wannan ba koyo ba ne. Koyo sai da kujera da allo.

Awartaki ya zauna masa. Tsumma ya ƙi. Da ya taɓa nama, hannu ya tashi kafaɗa, ko da na yi ihu har tumaki suka watse.

6. Bar matarka ta yi laifin

Namiji ba ya ajiye tsummansa don wata ta ce. Sai dai a raba shi da shi.

Glenys, matar Clarrie, ta ga mijinta yana ramewa. Ta jira ya tafi duba shinge, ta jefa tsumman a injin wanki.

"Glen! Ina tsummana?"

"Ga shi," ta miƙo masa zare cikin tafin hannu.

"Me kika yi masa?"

"Wanki. Ashe datti ne ke riƙe da shi, tsoho. Na cire dattin, sai ya rasu."

Yi fushi a bayyane. Faɗa wa mai gidan mai, faɗa wa mahauci, faɗa wa duk wanda ya tsaya. Dole gari ya san ƙwace aka yi maka. Ta ba shi sabo, ya ƙi karɓa, don sabon tsumma cin mutunci ne.

7. Ranar gwaji, kada ka nuna ka rikice

Gwajin da ya rage kafin wasan farko ke nan. Ina tsaye a bakin farfajiya ina kallo.

Clarrie ya jera ɗanyen soseji. Hannu ya tashi kafaɗa. Ba komai a wurin. Hannun ya tsaya a sama, Bronwyn na kallo, 'yan aji na kallo. Dattijo ba ya tsayuwa da hannu a sama kamar ɗan makaranta mai neman izinin fitsari. Ya waiga, ya ga famfo, ya nufe shi kamar da ma can za shi. Sabulu yana kan hanya, sai ya yi amfani da shi. Ya dawo, ya ajiye awartaki mai jan ƙyalle, ya ɗauki ɗayan. Duk lokacin da hannun ya tashi, famfo. Ya yi zaryar famfo har takalminsa ya jiƙe.

"Ka iya, Clarrie."

"Da ma na iya."

"Na sani." Ta ɗauki yankan burodi ta miƙa. "Mista Dunstan, a ƙara min albasa."

Ya ƙara mata. Kaɗan.

8. Musanta komai

Asabar ɗin wasan farko, sanyi, layi har bakin shinge, Clarrie na bayan murhunsa. Sai ga Nev, wai ya zo taimako. Ya ɗauki awartaki mai jan ƙyalle ya nufi gasasshen nama.

"Ajiye!" in ji Clarrie. "Na ɗanye ne wannan. Ka ma wanke hannu kuwa?"

"Kai mutumina, na riga ka samun takarda fa."

"Takardar ta iya. Kai kuwa, tukuna. Ga famfo can."

Layi ya fashe da dariya. Nev ya tafi famfo. Da mutane suka ragu na tambayi Clarrie a ina ya koyi wannan tsauri.

"Koyo? Haka nake yi tun fil'azal."

Na gamsu. Ɗalibi ya gama.

Gargaɗi

Shawara na bayar, ban ɗauki nauyin kowa ba. Idan matarka ta wanke abin da ba ka yafe ba, tsakaninku ne. Idan malamarka ba ta son albasa, ban san maganin wannan ba. Idan kuma ka bi matakan nan duka, wata rana ka tsinci kanka a gidanka, ba mai kallo, kana wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa burodi, kada ka zo wurina. Ni ban koya maka komai ba, kuma zan faɗi haka a gaban kowa.