Amanar Maharajan Hashimi

Allah ya yi wa Suleja baiwa iri-iri, amma ba a gama lissafinsu ba sai an ambaci Malam Bamalli na unguwar Hashimi. Mutum ne mai cika ido, mai cika kujerar mota, mai cika kunne. Yana aiki a wata hukuma a Abuja, inda babban nauyin da ke wuyansa shi ne ya ce wa masu zuwa, "Oga yana mitin." Da ƙasar nan ta san darajar mutane, da tuni an sa hotonsa a jikin gadar shiga gari.

Ɗaukakarsa ta samo asali ne daga gwiwar kawunsa. An kai tsohon Indiya aikin gwiwa, aka haɗa shi da Bamalli don ya riƙe jaka. A ɗakin jira na asibitin akwai talabijin da ba ta san komai ba sai kurket. Nan gwanin namu ya zauna yana kallon wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata katako, jama'a na ihu. Kawu ya dawo da sabuwar gwiwa, Bamalli ya dawo da sabon ilimi, da rigar wani kulob rawaya, da wata irin kaɗa kai da ba a gane i ce ko a'a. Matasan unguwa suka raɗa masa Maharaja. Ya ɗauka naɗi ne, ya gode musu.

Gasar da ya kamu da ita irin ta gajeren wasa ce, wadda ake farawa bayan azahar a gama kafin magariba. Bai ɓata lokaci ba ya kafa Ƙungiyar Masoya Kurket ta Suleja da Kewaye a shagon Onwuka mai sayar da kayan lantarki, wanda ke da babbar talabijin da janareta mai haƙuri. Aka yi zaɓe na gaskiya da adalci: Bamalli ya tsaya, Bamalli ya ƙirga, Bamalli ya ci. Sunan kulob ɗin ya gagari harsunan membobi, sai suka riƙa cewa Rawaya kawai, abokan hamayyarsu kuma Shuɗi.

Wanda ya fi shan karatu shi ne fasinjan motar Abuja. Idan cunkoso ya riƙe hanya da safe, sai Maharaja ya gyara murya.

"Ku 'yan ƙwallon ƙafa ba ku san amana ba. Yau kuna nan, gobe kuna can, kamar kuɗin cizo. Mu a kurket, kulob uwa ce. Wa ya taɓa canja uwa don ta tsufa? Ni da kuke gani, in aka yanka ni, rawaya zai fito."

Wata mata mai kwandon tumatir ta ce in haka ne ya je asibiti, shawara ce. Bai ji ba. Manyan mutane ba sa jin ƙananan maganganu.

A gida ma an ɗanɗana. Ya sa aka sake fentin ƙofa. Ya kori bokitin wanka saboda launinsa. Matarsa Lauratu tana da wani shuɗin gyale da take ji da shi, ya ce a ajiye shi a ƙasan akwati har kakar wasa ta wuce. Ta dube shi, ta dubi gyalen, ta ce, "To, Baban Mardiyya," da irin muryar da mai hankali zai kwana yana tunani. Shi kuwa ya yi barcinsa.

Sai ga jarrabawa ta zo daga cikin gida. A wannan gasa gwanjon 'yan wasa ake yi kamar shanun kara. A gwanjon bana Shuɗi suka saye ɗan wasan da Nasiruddeen ke mutuwar so. Nasiruddeen ƙanin Lauratu ne, mai shagon aski a Kurmin Sarki, kuma shi ne ma'ajin ƙungiya. Ya zo da ladabi ya ce, "Yaya, ni fa saboda yaron nan na fara kallo. Inda ya tafi nan zan bi."

Maharaja ya kira taron gaggawa. Ya zauna a kan kwalin firiji, ya sa surukinsa ya tsaya a gaba kamar wanda ya saci akuya.

"Jama'a, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ga wanda na ba wa matsayi, na koya masa bambancin maki huɗu da maki shida, yau ya sayar da mu. Ba don yayarsa tana gidana ba, da na faɗi abin da ya fi haka. Daga yau ba shi ba benci, ba shi ba inuwar shagon nan. Tarihi zai tuna cewa Bamalli ya zaɓi amana a kan surukuta."

Onwuka ya ce, "Oga Ciyaman, abeg, wasa ne fa. Kwastoma na ne." Aka ce masa ba a ba shi izinin magana ba, a cikin shagonsa.

Nasiruddeen ya tafi da mutum biyar, suka kafa tasu majalisar a shagon aski. Lauratu ta daina sa nama a miyar maigida. Ya ce wannan ma sadaukarwa ce.

Allah da ikonsa, wasan ƙarshe ya haɗa Rawaya da Shuɗi. Ranar Lahadi ce. Maharaja ya fito rawaya daga hula har takalmi, kamar an tsoma shi a miyar taushe. Shuɗi suka fara bugu, suka tara maki mai yawa. Ya ce kada kowa ya damu, dabara ce. Rawaya suka karɓi katako. Gwaninsu na farko ya fita a jifan farko. Ya ce wannan ma dabara ce. Na biyu ya bi shi, na uku ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe kamar mangwaro. Bayan la'asar kaɗan, an fitar da rabin 'yan wasan kulob ɗin, suna zaune a benci sun rafka tagumi.

Maharaja ya fara gumi. Ya cire hula ya sa a aljihu. Ya ce zai je ya yi alwala. Ya wuce buta, ya wuce masallaci, ya tsayar da ɗan acaba.

A shagon aski ana tsalle ana tafi sai ga shi ya yi sallama, ya ɗora babbar riga a kan rawayar. Nasiruddeen ya tashi ya ba shi kujerar aski, don ko ba komai mijin yayarsa ne.

"Ƙanina," in ji Maharaja, "gwada ka na yi, kuma ka ci. Ai duk wanda ya san kurket daga tushe ya san Shuɗi su ne masu asali. A Indiya ma unguwar da muka sauka duk Shuɗi ne. Waccan rigar kyauta aka ba ni, kunya ta hana ni ƙi. Zuciyata kuwa, tun fil azal, shuɗiya ce kamar bula."

Aka ɗora masa shuɗiyar hula. Wani ya ce ya maimaita don a ɗauka a waya, ya maimaita, har da ƙari. Kafin ya sauke numfashi bidiyon ya isa shagon Onwuka.

Daga nan ne duniya ta juya. Wani ɗan wasan Rawaya da ba a taɓa jin sunansa ba, siriri kamar sillen kara, ya shigo ya fara aika ƙwallo cikin 'yan kallo. Shida. Shida kuma. Huɗu. Masu jifan Shuɗi suka rikice. Shagon aski ya koma gidan makoki, kowa yana satar kallon baƙon da ke kan kujera. A jifan ƙarshe yaron ya ɗaga ƙwallo ta tafi kamar ba za ta dawo ba. Rawaya suka ɗauki kofi.

Ihun da aka yi a shagon Onwuka an ce har garin Maje an ji. Maharaja ya zame ya fita da shuɗiyar hula a kai, rawayar riga na leƙowa ta wuya. Ba tsuntsu ba tarko.

Wani da ya sha kunya irin wannan sai ya yi jinyar mako guda. Amma ba a banza ake zama Maharaja ba. Washegari ya aika wa ƙungiyoyin biyu saƙon murya mai tsawo.

"'Yan'uwa, abin da kuka gani dabarar yaƙi ce. Na lura duk inda na zauna nauyina yakan danne kulob. Saboda haka na sadaukar da mutuncina, na je na zauna wa Shuɗi. Kun ga sakamako. Ba na neman godiya."

A karo na farko tun kafuwar ƙungiya, kowa ya yarda da maganarsa. 'Yan Rawaya suka tuna lallai tashinsa ke da wuya aka fara ci. 'Yan Shuɗi suka tuna lallai zamansa ke da wuya aka fara rushewa. Kowane ɓangare ya yi taro, ya yanke shawara ba tare da gardama ba.

Da yamma saƙo biyu suka iso gidansa na Hashimi, kowanne a naɗe cikin leda mai kyau. Maharaja ya buɗe a tsakar gida, sai ga rigunan kulob biyu, ya kira matarsa ta zo ta shaida.

"Kin gani ko? Kulob biyu na rububina. Onwuka da jama'arsa sun aiko, ƙaninki ma ya aiko. Daraja ba ta ɓuya."

Lauratu ta ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta duba wanda ya aiko kowacce.

"Baban Mardiyya, ai shuɗiyar daga 'yan Rawaya take, rawayar kuma daga 'yan Shuɗi. Kowa roƙonka yake ka taimaka ka so abokin gabarsa."