Kayan Maman Ummi a Tsakiyar Titi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Asabar ɗin da na zubar wa matata mutunci a tsakiyar titin Sabon Gari. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai abinci ya fita kaina.

Ni ma'aikacin jami'a ne, a Samaru muke zaune. A shekarar nan zamana da Maman Ummi ya yi sanyi. Ba faɗa, ba zagi, sai gaisuwa kamar maƙwabta. Wata rana tana ninke wanki ta ce, "Baban Ummi, kai dai daga ofis sai majalisa. Yaushe rabon da ka fita da mu?" Maganar ta soke ni. Ina latsa waya ina huci sai na ci karo da bidiyon wasu Turawa, sun ɗaura wa motarsu ɗan ɗaki mai taya, sun ja iyali zuwa bakin ruwa suna gasa kifi. Na ce wallahi an zo wurin.

Na ɗauki lokaci ina zaɓe: mai taya biyu ko mai huɗu, mai rufi ko buɗaɗɗiya. (Duk a waya nake wannan ƙaryar, don ban san inda ake sayar da irinta a Zariya ba.) Ƙarshe na nufi Chikaji wurin Isuhu mai walda. Ya nuna min wata 'yar tirela ta ɗaukar janareto, ya kuma nuna min bodin tsohuwar a-kori-kura da aka yanke. Na zaɓi babbar, saboda ni ba na harkar ƙaranta. Motata kuwa 'yar ƙarama ce, ko gadar Kwangila da nishi take hawa, kuma ba ta da wurin maƙala komai. Isuhu ya liƙa mata ƙugiya a jikin bambar baya.

Na ce, "Za ta riƙe kuwa?"

Ya ce, "Haba Alhaji, ko raƙumi ka ɗaura!"

Daga ni har shi babu wanda ya taɓa jan ko baro da mota.

Na shirya mu je gonar abokina a bakin kogin Galma. Maman Ummi ta ce ita ba za ta kwana a gona ba a wannan zamanin, muka daidaita a kan wuni. Amma na dage sai an ɗauki komai yadda na gani a bidiyo. Aka fito da katifar ɗakinta, da tukwanenta, da kuloli, da labule, har da akwatinta da ta zuba kayan yara. Tamfol ɗin da na saya bai rufe rabi ba.

Mun shiga Sabon Gari, dab da kasuwa, na faɗa wani rami. Na ji ƙara, sai mota ta yi sakayau. Har na buɗe baki ina cewa, "Kin ji yanzu ta saki jiki," sai 'yata Ummi ta ce daga baya, "Baba, ɗakinmu ya tsaya."

Ina ma tsayawa ya yi. Tirela ta ɓalle da bambar ɗungurungum, ta gangara ta kife a bakin kwata. Katifa a titi, tukwane na birgima, akwati ya buɗe. Maman Ummi ta fito tana tsintar murafu tana hawaye, yara na riƙe da zaninta.

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne yadda abin zai kasance a idon mutane. A garin nan katifar mace da tukwanenta ba sa barin gidan miji haka kawai. Ga ta tana kuka, ga yara, ga titin nan shi ne ya miƙe zuwa gidan mahaifinta. Na ji wata mai kayan miya tana cewa, "Allah sarki, har da 'ya'ya a tsakani." Kafin in ankara sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinta mai shagon atamfa, ta ci ɗamara da gyale.

"Wallahi ba a bola ka tsince ta ba!"

"Gwaggo, shaƙatawa fa za mu je."

"Da katifa? Ni za ka raina wa hankali?"

Ashe ta riga ta kira Baba, wato surukina. Surukina dattijo ne mai fama da hawan jini, mutumin da ya ba ni 'yarsa bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya sauko daga keke ko hula babu a kansa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki murfin tukunya, ya goge da bakin rigarsa, ya ce, "Malam, in ka gaji da ita, da ka kira ni na zo da kaina. Ba sai kasuwa ta gani ba."

Na rantse, Maman Ummi ma ta rantse. Har bidiyon na nuna masa. (Ka ga ƙato da furfura a gemu yana nuna wa surukinsa Turawa na gasa kifi.) Ya kalla ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Daga ranar, duk sanda muka je gaishe shi sai ya ce in je in duba motata kada yara su taɓa. Sai bayan rasuwarsa Maman Ummi ta faɗa min dalili. Ina fita yake rage murya ya ce mata, "Tsakaninki da Allah, lafiya kuke zaune?" Haka bawan Allah ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda da ni ba, kuma wannan ba shi da gyara.

Na tambaye ta ina take so in kai ta tun farko. Ta ce ita tsire kawai take sha'awar mu je mu ci a bakin titi, ni da ita.

Don haka ɗan'uwa, in matarka ta ce ka fita da ita, ka fita da ita kawai. Ka bar mata katifarta a ɗaki.