Na Shiga Tarihi da Igiyar Jaki a Hannu

Jama'a, ranar Asabar na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan yana cikin kwatar da ke gaban katangar tarihin unguwarmu, kuma ba na jin zai fito kafin damina. Ina ja da baya ne don in ƙare wa hotona kallo, na manta murfin kwatar yana cikin alkawuran da ba su iso ba tukuna.

Bari in faro muku daga tushe. Na daɗe ina surutu a wannan fili cewa mu mutanen Potiskum ba mu san darajar tarihinmu ba, shanu da tireloli kawai muka sani. To, sai aka kafa Kwamitin Ƙawata Unguwa, aka ce za a zana tarihinmu a doguwar katangar da ke hanyar kasuwar shanu: yadda mutanen farko suka haƙa rijiya, Ngizimawa da Karai-Karai suka yi gonaki, Fulani suka kawo garke, fataken Kano suka sauke kaya suka ƙi komawa. Aka ba Sharfaddeen aikin, mai zana zaki da ɗawisu a jikin manyan motoci.

Ni kuwa a gidanmu mun taso muna jin cewa kakanmu ne ya haƙa rijiyar. Da yake babu hotonsa, Sharfaddeen ya ce in zo in zauna ya ɗauki kamannina. Na sa babbar rigar Salla, na kafa hula, na zauna cikin rana ina ɗaga haɓa kamar wanda za a naɗa wa rawani. Maiɗakina Hanatu ta ce ko ranar aurenmu ban yi kwalliya haka ba. Na bi majalisu ina sanarwa, har 'yan'uwa na Fika sai da na kira a waya.

Ranar buɗewa, wato Asabar ɗin nan, aka kafa rumfuna, aka tare hanya, 'yan Keke suna zagaye suna tsaki. Mai Girma Shugaban Kwamiti, Inuwar Marasa Inuwa, Hasken Layinmu Ko Babu Wuta, ya iso bayan azahar taron da aka kira da hantsi, ya yaye ƙyalle. Sai ga mutumin da ya haƙa rijiya tun kafin zuwan mota, da tabarau a ido, da agogon zinariya, da tumbi. Fuskar Mai Girma ce sak. Mai jan guga ƙaninsa ne. Bafulatanin da ke kora shanu ma surukinsa ne, mutumin da ko tunkiya ce ta matso sai ya haye benci.

Ni kuma ina can ƙarshen katanga, inda fenti ya fara ƙarewa, riƙe da igiyar jaki. Ba riga, ba hula. Haɓar dai tana nan a ɗage.

Na tare Sharfaddeen, ya rantse mini ni ya fara sawa a bakin rijiya, aka zo duba aiki aka ce fuskar ba ta yi kama da shugabanci ba. Jakin ma, in ji shi, da ƙyar ya ƙwato mini, akwai masu so.

Na wuce wajen Ya Kaka, wadda ta fi kowa shekaru a layinmu, don ta zama shaidata in kai ƙara. Ta saurare ni tana ɓare gyaɗa har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, kakanka mutumin kirki ne, da jakinsa ya shayar da unguwar nan. Amma nasa ya fi wannan ƙiba. Shi za ka sa a gyara."

Na fasa ƙarar. Hanatu ce ta kira mutanen Fika ta yi musu bayani, ni na ce maƙogwarona na ciwo.

Amma kada mu yi butulci. Ruwan da aka zana a katangar shuɗi ne garau, har da ƙyalli. Famfon unguwa tun bara ya yi shiru, yanzu ga mata sun samu inuwar jera jarkoki, suna jiran 'yan garuwa suna kallon Mai Girma yana haƙa musu rijiya. A da a rana suke jira, babu ko abin kallo.

'Yan Keke kuma sun raɗa wa mahaɗar da ke gaban katangar suna. In ka shigo daga tasha, ka ce a sauke ka Wajen Mai Jaki, ba za ka ɓata ba. Jiya wani direba ya dube ni ta madubi, ya dubi katanga, ya ce, "Baba, ina ka baro jakin?"

Na ce masa ya tafi zaman Kwamiti.