Hatimin da Ake Rusuna Masa

Kumagai Shigeharu, ranar 31 ga Maris, 2017, ya yi bankwana da reshen ofishin shige da fice na garinmu, bayan shekara talatin da takwas yana kare ƙasa daga sharrin jarirai da masu dafa abinci. Mutum ne mai baiwa. Tun da ya kama aiki, ba a taɓa zarginsa da gaggawa ba. A gabansa ma'aikata suna ce masa Garkuwar Tsibiri, a bayansa kuwa Baba Dawo-Gobe.

Fannin da ya fi shahara a kai shi ne hatimi, wanda a nan shi ne sa hannun ma'aikaci a kan takarda. Kowa ya san ladabin ofis: ƙaramin ma'aikaci yakan ɗan karkata hatiminsa, ya zama kamar yana rusuna wa na shugaba. Wasu shugabannin ba su damu ba. Kumagai kuwa da ma'aunin kusurwa yake yawo a aljihu, irin na 'yan firamare.

"Ƙasar da hatimanta suka daina rusunawa," in ji shi, "ta kama hanyar rushewa."

A farkon watan Maris ɗin nan aka haifa wa Dil Bahadur Gurung, mutumin Nepal mai dafa abinci a bayan tashar jirgin ƙasa, 'ya mace. Doka ta ba 'ya'yan baƙi kwana talatin a nema musu izinin zama. In wa'adin ya wuce, yarinya ta shiga matsala da hukuma tun ba ta iya riƙe wuyanta ba. Gurung ya kai takardu a kwana na takwas. Sai dai a reshen Kumagai, takarda ba ta karɓuwa sai hatiminsa ya hau kanta, bayan na ƙananan ma'aikata uku.

Karon farko ya kira akawunsa. "Nonomura, wannan hatimi naka tsaye yake ƙiƙam. Ni sa'anka ne?" Aka sake takarda, aka sake kiran Gurung daga bakin murhu ya sa hannu. Karo na biyu hatimin ya karkata fiye da kima. "Wannan ba ladabi ba ne, ba'a ce. Kwanciya ya yi!" Aka sake. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar ƙarshe ta Kumagai a ofis, wadda ita ce ta ƙarshe a wa'adin jaririyar ma, Gurung da matarsa Phulmaya suka zauna a benci tun ƙarfe tara.

"Baban yarinya," ta raɗa masa, "in rusunawa yake so, ka ce masa ni zan rusuna har goshina ya taɓa ƙasa."

"Yi shiru. Ke hatimi ce?"

Ƙarfe uku da rabi aka miƙa wa Garkuwa furanni, ya gyara murya. Ya faro daga shekarar da ya kama aiki, bai tsallake ko ɗaya ba. "Ni uba ne ga kowane baƙo," ya ce, yana dafe ƙirji. "Babu wanda ya zo gabana sau ɗaya bai sake dawowa ba." Wannan kam gaskiya ce tsantsa. Jaririyar ta tsala kuka, ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Har jarirai suna kukan rabuwa da ni."

Da aka gama tafi, Nonomura ya matso da takardar. Kumagai ya fito da ma'auni, ya auna hatiman ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Madalla! Yau ka zama ma'aikaci."

Ya buɗe kumbon hatiminsa, sannan ya dubi agogon bango. Biyar, lokacin tashi daga aiki, ta wuce da minti ɗaya.

"Ash! Ni yanzu mutumin gari ne kamar kowa. Ka'ida ka'ida ce."

Ya rufe kumbo, ya rungumi furanninsa, ya gaida Gurung da kai, ya fita. Takardar na nan a kan tebur, hatimai uku suna ta rusuna wa gurbin da babu kowa a ciki.