Ranar da Kwamfuta Ta Ce Ni Ba Mutum Ba Ne

Jama'a, ku taya ni jaje. Shekara hamsin da biyu ina cin tuwo ina gaida mutane, sai ranar Larabar nan aka sanar da ni cewa ni ba mutum ba ne.

Masu girma, inuwar talakawa, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun ce bana ba mai samun takin noman rani sai ya yi rajista a intanet, kuma Laraba za a rufe. Albasata a fadamar Danchadi ta fara yaushi, don haka na ja taubashina Mode muka nufi shagon Rashida mai kwamfuta a Bodinga.

Komai na tafiya daidai, sai Rashida ta ce mun iso tambayoyin tsaro. Wai an sa su ne don kada injuna su cika shafin da sunayen bogi. In amsa ɗaya cikin minti guda.

"Baba, mi ne ne sunan karenka?"

"Kare. Wa yay yanka mishi rago?"

"To, saura guda. Sunan ɗanka na hwari."

Na ɗaga kai ina ƙirga kwanon rufi. Shekara ashirin da huɗu bakina bai taɓa furta sunan yaron nan ba. Ko ranar sunansa gona na gudu. Uwarsa Rahamatu "wancan" take ce masa. Kunyar ɗan fari ba ni na ƙirƙiro ta ba, gado ce.

Na ce, "Rubuta wane."

"Sai ya dace da na takardar iyalinka, Baba. Lokaci na tahiya."

Na juya ga Mode. "Kai hwaɗa mata, ai ɗanka ne."

Mode ya gyara zaman hula. "Sai ka amsa gaban shedu ni ne ubangidanka."

"Mode, albasa."

"Albasa ba ta san kawaici ba. Amsa."

Kafin in haɗiye girman kai in ce na amsa, jan rubutu ya fito: an kasa tabbatar da ni ɗan Adam ne, in dawo bayan awa ashirin da huɗu. Wato bayan an tashi kasuwa.

Washegari na ji wani Ranka-ya-daɗe ya yi wa mutum ɗari uku rajista a zama ɗaya, har da kakansa da ni kaina na ɗauki makararsa. Tsohon ya amsa tambayarsa daga kabari bai ko yi tari ba. Dole a jinjina wa masu girma, rariyarsu ta yi aiki: ta tare mai kunya, marasa ita sun zube ta ƙasa.

Taki dai ya wuce ni. Da na kai ƙara gida, Rahamatu ta ce tunda hukuma ta tabbatar inji take aure, gobe in sauka fadama in ja ruwa da kaina a madadin injin ban-ruwa, a huta da layin fetur.