Rasuwar 'Yargata, Motar Akoli Maƙeri

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har bai bar wa kunya wurin zama ba, Mina matar Akoli maƙeri, ta Gougaram, tana sanar da mutanen Abzin cewa Alhassane ɗan Intala ya yi kisa. Shi ne, ba wani ba. Gumiyen kumandan, wato dogarinsa na kan raƙumi, wanda yanzu yake yawo da amawali har ƙarƙashin ido kamar sabon ango. Ya kashe 'Yargata da hannunsa, da rana tsaka, a filin Arlit, gaban Nasara da raƙuma. Masu cewa ƙaddara ce, Mina ta ji, ta kuma yarda. Amma ba mala'ika ba ne ya riƙe ƙarfen, Alhassane ne.

Ga wanda bai san marigayiya ba: 'Yargata mota ce, tsohuwar motar soja mai ja da ƙafa huɗu. Ba a san ubanta ba, ba a san shekarar haihuwarta ba. Sojoji suka yar da ita a cikin wata ƙorama wajen Dannet bayan yaƙin Nasara, yashi ya ci ta har wuya, dila ta haihu a ƙarƙashinta. Duk wanda ya wuce da raƙumi ya gan ta, ba wanda ya ce tasa ce. Akoli ne ya tone ta da galma, ya ciro ta gunduwa-gunduwa, jakuna suka kawo ta gida kamar naman layya. Mutane suka ce maƙeri ya samu ƙarfen fartanya na shekaru. Bai ƙera ko allura da ita ba. Ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin gawo, ya zauna yana kallonta.

Daga ranar Mina ba ta ƙara samun miji cikakke ba, kuma ba ta ɓoye wannan ba. Da safe ya ƙera wa mutane wuƙa da sirdi don a ci tuwo, da yamma ya shige ƙarƙashin 'Yargata, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Ba haya yake nema da ita ba, ba fatauci ba. So ne kawai, irin wanda ba ya jin magana. In motar wani shofer ta lalace a hanyar arewa, Akoli zai gyara masa, ya ce ba ya son komai sai tsohon buji, ko ɗan isansi, wato man mota, a bido, ko a bar shi ya leƙa cikin moter. Haka ya tara ta. Tukunyar tagullar da Mina ta gada wurin uwarta ta ɓace wata rana, ta same ta a cikin 'Yargata ta zama bututu. Ta zage shi har maƙwabta suka fito. Da ta gama, ta ɗauko fatar akuya mafi kyau da ta jeme, ta ɗinka wa motar mazauni da zane ja da kore, don ba za a ce abu ya fito daga gidanta tsirara ba.

Ranar da marigayiya ta fara magana, awaki sun watse har bayan dutse. Akoli ya juya manibel, ƙarfen tada ta, ta ce tuf. Ta yi shiru kamar mai tunani. Ta ce tuf, tuf. Sannan tuf-tuf-tuf-tuf, duk jikinta na rawa, hayaƙi ya cika gari. Tsoho mai furfura ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na bin baƙin man da ke fuskarsa. Wannan tari nata na safe, har ta bar duniya ba ta daina shi ba, kuma yanzu rashinsa ne ke tada Mina daga barci.

Halayenta, ba sai an yi mata ƙarya ba. Ba ta da kyau. Hancinta a karkace yake, ido ɗaya gare ta, kuma in ta yi kuka sai ka ce bunsuru aka taka. Amma tsayi, Akoli ya ba ta. Ya ƙara mata ƙarfe a ƙarƙashi har ta ɗaga, yaro na wucewa a sunkuye, dutse ba ya taɓa cikinta. Ya rataya mata salka a kowane gefe don ruwa ya yi sanyi a iska. Ya ɗaura gwangwani a bakin radiyater, tururin da ya fita ya koma ruwa, ba ta zubar da ko ɗigo, abin da ba za a faɗa a kan wasu 'ya'yan manya ba. In an zo yashi mai laushi, sai ya sassauta mata iskar ƙafa, ta baje tafi kamar raƙumi ta wuce tana gurnani. Bai taɓa dukanta ba. Shi da kansa yake tace mata ruwa da gefen rawaninsa.

Abu na ƙarshe da ya yi mata shi ne randar isansi ta biyu. Ya yanka tano, gangar mai ta ƙarfe, ya daidaita shi a gefen hagu daga baya, ya liƙe bakinsa da dalma, ya shafe shi da launi ɗaya da jikinta, har ba mai gane cewa ba fatarta ba ce. Burinsa wata rana ya kai Mina Agadez ya dawo ba tare da ya roƙi kowa ɗigon mai ba. Ba su je ba.

Ciwon ajali ya same ta a shekarar nan da Nasara masu akwati suka zo. Waɗannan da ke bin duwatsu da wani akwati mai ƙas-ƙas-ƙas, in ya yi ƙara su yi ta murna kamar an yi musu haihuwa. Motocinsu sabbi ne, amma kullum suna durƙushe a yashi. Alhassane ne ɗan jagoransu, shi ke juya musu magana. Wata rana babbansu ya ga 'Yargata ta tsallake ƙoramar da ta cinye masa yini, ya tambayi ta wace ce. Alhassane ya ce tasa ce.

Ga yadda ya lissafa, don kowa ya ji irin kan da ke cikin rawanin nan: Akoli maƙerin gidan ubansa ne, kakan Akoli ya ƙera wa kakansa, saboda haka abin da hannun maƙeri ya yi na gidan Intala ne. Ya zo har ƙarƙashin gawo, bai sauka daga raƙumi ba, ya ce a ba shi aro. Mina ta ce kada a bayar. Ta faɗa da Tamajaq, ta faɗa da Hausa. Ta tuna wa Alhassane cewa ita ta yi wa uwarsa kitso ranar sunansa, ta san shi tun yana fitsari a cinyar mutane. Amma Akoli bai taɓa cewa a'a ga ɗan gidan nan ba. Ya miƙa manibel da hannu biyu, ya bi Alhassane da ƙafa yana faɗa masa yadda ake sassauta ƙafa, yadda ake tace ruwa, ya fara maganar randar hagu. Alhassane ya ce:

"Maƙeri, ni zan koya maka dabba, ba kai za ka koya mini ba."

Ya sa wani shofer na Nasara ya ja ta, suka tafi.

Abin da ta gani a hannunsu, Rhissa mai jan ruwa a sansanin ya shaida, kuma a shirye yake ya maimaita. An cika mata ƙafa da iska har ta sandare. An labta mata duwatsu kamar jakin gishiri. An ba ta ruwan kanwa ba tacewa. Tarinta ya canja, ya koma kof, kof, kamar tsohuwa mai ciwon ƙirji. Duk da haka ba ta durƙusa ba, ita ke jawo sabbin daga yashi.

Sai babban Nasaran ya so ya riƙe ta har ƙarshen aikinsu, ya tambayi Alhassane me ke nuna tasa ce, tunda ba lamba a jikinta. To, a ƙasar nan me ke nuna dabba taka ce? Wuta. Alhassane ya ɗauko ƙarfen shaidar gidansu, wanda ake yi wa raƙumansu alama da shi. Kuma a sani, Akoli ne ya ƙera wannan ƙarfe. Ya zagaya motar yana neman cinya, don raƙumin gidan Intala a cinyar hagu ake sa masa wuta. Ya samu cinyar. Ya hura gawayi dab da ita don kada ƙarfe ya huce a hanya. Ya ɗora, launi ya ƙone, alama ba ta zauna yadda yake so ba. Ya mayar wuta, ya sake ɗorawa, ya danna da ƙarfinsa duka, yana murmushi wa Nasara. Rhissa ya ce ya ji warin isansi, ya yi magana, aka ce masa mai jan ruwa ya tsaya ga guga.

Dalma ta narke. Randa ta yi hawaye a kan garwashi.

Marigayiya ba ta yi doguwar jinya ba. Ta ce fuu, sau ɗaya, sannan ta faɗi wata kalma da aka ji har wurin masu kiwo. Salkunan suka fashe. Mazaunin da Mina ta ɗinka ya tafi, akwatin Nasara mai ƙas-ƙas da ke kansa ya bi shi. Ba wanda ya mutu sai ita. Alhassane ya tsira da ransa, sai dai gemu da gashin baki da gira ɗaya sun riga shi zuwa lahira. An ce ya yi gudu har ya wuce raƙuminsa.

Da a nan ya tsaya, da Mina ta yi kukanta a ɗaki. Amma Nasara ya nemi wanda zai ɗauki laifin akwatinsa, sai Alhassane ya ce maƙeri ne. Ya ce motar ba tasa ba ce, bai taɓa cewa tasa ba ce. Ya ce Akoli ya saci kayan soja, ya yi masa aikin banza, ya ɓoye wuta a ciki. Motar da ta kasance ta gidan Intala tana da rai, ta koma ta maƙeri da ta zama gawayi. Yanzu gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo Gougaram ya ce kumandan na kiran Akoli a Agadez bayan kasuwa mai zuwa, kuma kowa ya san tsoho irin wannan in ya shiga gidan kaso ba da ƙafarsa yake fitowa ba. Zai ga Agadez ɗin dai, a ɗaure a bayan raƙumin gardi.

Marigayiya ta rasu ta bar Akoli, wanda tun ranar bai hura zuga ba. Yana zaune inda take kwana, yana kallon baƙin man da ta bari a ƙasa. In an ba shi fura ya karɓa ya ajiye. Bai zagi kowa ba, kuma wannan ne ya fi ba Mina haushi. Ta ce masa da ya zagi Alhassane sau ɗaya da ta yafe masa tukunyarta. Marigayiya ta bar Mina. Ta bar ƙafa guda ta ajiya da ke jingine a bango, ba ta san an yi mutuwa ba. Ta bar kaji da suka saba da inuwarta, suna tsaye a rana kamar wawaye. Ba ta bar wa gidan Intala komai ba, don ba ta haɗa komai da su ba.

Jana'iza kuwa, ga yadda aka shirya. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Mina ba ta musa ba, ba ta kuma roƙe shi ba. Maƙeran Gougaram da na Dannet sun tafi da jakuna, za su kwaso ta yadda aka kawo ta da farko. Za a shimfiɗa ta ƙarƙashin gawo ranar Alhamis da hantsi, kafin kasuwa. Ba za a binne ta ba, ba za a ƙera ta ba. Za a yi zaman makoki. Mai zuwa ya zo da tabarmarsa da shayinsa, gidan ba mai dafawa. Illi mai gari zai zauna, an kuma aika wa gardin kumandan ya zo ya ji da kunnensa. Nasara mai akwati, in yana so, akwai wuri a rana.

Har zuwa ranar, da bayanta in ta kama, ba maƙerin da zai wasa wa gidan Intala wuƙa. Sirdinsu in ya karye su ɗaure da igiya. Matansu su yi wa juna kitso. 'Yarsu da za a kai ɗaki bayan damina, su nemi mai buga mata turmin kiɗa a cikin Nasara. Matan maƙera sun riga sun fara haɗa waƙa, Mina ta ji baiti biyu, ba ta so a yi wa maƙiyinta ma irinta, amma ba za ta hana ba.

Abin da Mina ke nema ɗaya ne. Alhassane ɗan Intala ya zo. Ya sauka daga raƙumi wannan karon. Ya tsaya gaban gawa, gaban Illi, gaban gardi, gaban mata. Ya sa hannu ya sauke amawalin nan har ƙasan haɓa, kowa ya ga abin da wuta ta rubuta. Sannan ya dubi tsohon da ya ƙera wa ubansa takobi, ya faɗa da bakinsa, da ƙarfi yadda gardi zai kai Agadez: wa ya ce tasa ce, kuma wa ya sa mata wuta?