Ranar da Jakada Ya Buɗe Kwalinsa

Duk zuri'armu babu wanda Allah ya yi wa baiwa irin jikana Jakada. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, ranar da jami'arsu ta sa shi cikin ɗaliban da za a yi musayarsu da na wata ƙasa. Wata huɗu kacal za su yi. Amma sai da ya bi maƙwabta gida-gida yana sallama, yana cewa in ya dawo ba su gane shi ba kada su ji komai, haka ilimi yake mayar da mutum.

Gardama kuwa, tun da ya buɗe baki a duniya sau ɗaya na ga an kayar da shi. Shi ma ba mutum ba ne, sikeli ne. Ana jibi tafiya ya ɗora akwati, sikeli ya ce kaya sun yi yawa. Jakada ya ce ƙarya ne. Ya sauke, ya juya akwatin, ya sake ɗorawa. Ya kai sikelin ɗakin girki, wai daɓen falo a karkace yake. Ya tsaya a kansa ya yi masa bayani mai tsawo. Sikeli bai ce uffan ba, bai kuma sauya ra'ayi ba. Dole aka rage kaya. Mai basira ya zauna ya yi nazari, ya fitar da rigar sanyi da safa da bargo, ya bar takalma masu ƙyalli ƙafa huɗu, da jakar hannu irin ta manyan ma'aikata, wadda babu komai a cikinta.

Na ce, "Maigida, can fa an ce sanyi har cikin ƙashi."

Ya ce, "Kaka, sanyi a tunani yake. Wanda ya yi zurfi a karatu ba ya jin sa."

Sati uku da tafiya, zurfin karatu ya fara yoyo ta hanci. In ya kira mu a waya muna ganinsa, riguna uku ne a jikinsa, har da labulen taga a kafaɗa, wai haka masana suke yafawa a can. Harshensa kuma ya yi nauyi. Ya ɗaga cokali ya ce, "Me ma kuke ce wa wannan?" Na ce ya ajiye shi ya ci da hannu, sunan zai dawo.

Sai ga babbar magana. Malamar da ke kula da baƙin ɗalibai za ta zaɓi mutum ɗaya ya yi jawabin bankwana a gaban jami'a gaba ɗaya. Mutum biyu take dubawa: Jakada, da abokin ɗakinsa, wani shiru-shiru da muke kira Dogo. Jikana kuwa ya riga ya sanar da kowa, har da mai gadin ƙofa, cewa tun da aka sa shi makaranta bai taɓa zuwa na biyu ba. Wannan gaskiya ce. Ni shaida ce, bai taɓa ba.

Ya kira uwarsa ya ba da umarni. "Umma, a aiko mini da takardar shaidata ta gasar muhawara, mai gilashin nan da ke bangon falo. Lokaci ya yi da duniya za ta gani." Takardar dai abin da ke jikinta shi ne ya halarci gasar. Sannan ya sassauta murya. "In akwai ɗan sarari a kwalin... rigar nan. Ba don ni ba, don tunawa da gida."

Uwarsa tana wurin aiki, haɗa kwali ya faɗo kaina. Mu kuwa a gidanmu ba a zubar da gwangwani, ba a zubar da takarda, ba a kuma barin gilashi ya yi tafiya tsirara. Na leƙa ƙarƙashin gadonsa, sai ga kwali maƙil da tsofaffin takardu, an rubuta a jiki kada a taɓa. Ni tsohuwa me na sani? Sai da na goge tabarau sau biyu kafin in zaɓo waɗanda suka fi laushi. Na naɗe gilashi da kyau, na cusa sauran a kowane lungu.

Wani in kwali ya iso masa, ƙofa zai rufe ya buɗe abinsa. Ba Jakada ba. Taro ya kira. Ya gayyato Malama, da Dogo, da duk ɗaliban da ke layin ɗakunansu. Ya jingina waya a jikin butar shayi don mu ma mu shaida. Uwarsa tana gefena tana fassara mini.

Ya gyara murya. "Jama'a, abin da ke gabanku ba kwali ba ne. Tarihin gida ne, gidan da ba a san faɗuwa ba."

Ya fara ciro wani ƙaton gwangwanin biskit mai zanen zinariya. Yara suka matso suna haɗiyar yawu. Ya buɗe, sai allura da zare da maɓallai. Bai ko ƙifta ido ba. "Mu a gidanmu," in ji shi, "duk abin da ya yage mu ake kawo wa." Rigar sanyi ta biyo baya. Ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce an yi kuskure. Kafin a kai ga kwalbar zuma, kuskuren yana jikinsa har wuya.

Sannan ya kai hannu ga gilashin. Ya yi ta warware takardu yana watsarwa a ƙasa, ya ɗaga shaidarsa sama da hannu biyu. Sai dai ba wanda ya ɗaga kai. Dogo, yaron kirki, ya durƙusa yana tattara takardun, yana miƙe su a gwiwarsa, yana miƙa wa Malama ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon jarrabawa ne, na shekara shida cur. Jan biro kuwa ba ya bukatar tafinta. Malama ta duba ta farko, ta duba ta biyu, ta gyara zama. Uwarsa ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi silin.

Jawabi dai, in gaya muku tun yanzu, Dogo aka ba. Amma kada ku ɗauka an kayar da jikana. Mutum ne fa a gabansa, ba sikeli ba.

Dogo ya ce, "Abokina, nan an rubuta na talatin da takwas cikin arba'in."

Jakada ya ja wuyan rigar sanyinsa. "Wannan shi ne illar rashin yawo a duniya. Mu a makarantarmu daga ƙasa ake fara ƙirgawa."

Dogo ya ƙirga da yatsunsa. "To ai ko daga ƙasan, na uku ka zo."

Jakada ya dube shi da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda bai san komai ba.

"Biyun da suka wuce ni ko ɗakin jarrabawar ba su shiga ba. Kai da za ka iya da su?"